Agogo Goma Sha Bakwai a Gwangwanin Malam Haliru

Duk wanda ya saba bi ta bakin tashar Bodinga da hantsi ya san rumfar Malam Haliru mai gyaran agogo. Tebur ne guda mai gilashi, da benci, da buta. Idan ya dawo daga masallaci ya karya kumallo, kafin ya amsa wa kowa gaisuwa mai tsawo, sai ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin teburin, ya buɗe, ya fito da agogon hannu ɗaya bayan ɗaya yana wana su. Ya wana, ya kai kunne, ya shafe gilashin da gefen rigarsa, ya mayar. Goma sha bakwai ne. Babu nasa ko ɗaya a ciki. Na mutane ne da suka kawo gyara, aka gyara, ba su dawo ba. Wani ya shekara goma a gwangwanin, wani ashirin, wani ya haura talatin.

Na fi shekara arba'in ina zama a bencin nan, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne.

Yaran yanzu ba su san darajar agogo ba. Ka tambayi mutum lokaci, sai ya shiga laluben aljihu, ya fito da waya, ya ce maka ba caji. A zamaninmu idan manomi ya sayar da albasarsa ta farko da daraja, agogo yake saye kafin keke. Da shi ake raba lokacin ban ruwa a fadama, da shi ladan yake kallon rana ranar da hadari ya rufe ta. Idan ya tsaya, gidan duka ya rikice. To, Haliru ne yake tayar da su. Ya matse ɗan gilashinsa na ƙara girman abu a ido ɗaya, ya ɗauki matsefata, ya tsinto ƙwayar yashin da ba ta kai kan allura ba, ya ce, “Ga ɓarawon.” Ban taɓa jin ya cire ƙarfen asali ya sa na banza ba, ko da mai agogon baƙauye ne da ba zai taɓa ganewa ba. Kuma yana da wata al'ada: duk agogon da ya karɓa, sai ya sa tsinin allura ya rubuta sunan mai shi da garinsa da ajami a cikin murfin baya, ƙanana ƙwarai, yadda sai da gilashinsa ake karantawa.

Laifinka ɗaya, Haliru, kuma na sha faɗa maka a gabanka: taurin kai. Na ce ka aika wa mutanen nan da kayansu, ka ce wanda ya kawo da ƙafarsa shi zai zo ya karɓa, kada ka ba wanda ba shi ba. Haka shekaru suka wuce.

Bara idonsa ya fara ja da baya. Ya je asibiti a birni, suka ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, abin daga ciki yake, sai dai a rage masa sauri. Ya dawo ya koma kan teburinsa. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce, “Ba aikin nika ji ba. Sunayen ga. In idon ga ya tahi, wa za ya san na wa da na wa?”

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa mai suna Bilyaminu ya fara zuwa daga Sakkwato yana neman tsofaffin agogo. Mun ɗauka taɓin hankali ne. Ka kawo masa sabo fil, ya ture. Ka kawo wanda fuskarsa ta yi ja kamar an jiƙa a shayi, ya kama rawar jiki. Har wani maƙwabcina ya sa toka ya goge na mahaifinsa ya yi ƙal don ya ƙara daraja, Bilyaminu ya dafe kai ya ce ya kashe shi. Ashe can a manyan birane tsufan ake saye. Ranar da ya ga gwangwanin Haliru sai da ya zauna.

“Baba, ka bar mini duka. Abin da zan ba ka ya ishe ka hutawa. Masu su ai sun manta.”

“Su sun manta. Ni ban manta ba.”

“Wasu ma sun rasu, Baba.”

“To, sun bar magada. Ɗana, sha ruwa, rana ta yi zahi.”

Ina wurin. A ranar na daina kiransa mai taurin kai a bayan idonsa.

Daga makon nan ya fara mayar wa mutane da agogonsu. Da hantsi, lokacin da haske ya fi masa kyau, ya buɗe murfi ya karanta suna, ni kuma in riƙe a kai. Sai mu hau kabu-kabu. Mun je Shagari sau uku, mun je Kajiji ta hanyar da ta kusa zubar mini da sauran haƙora. Wani mun same shi da rai, ya yi ta dariya yana cewa ya zaci an sace a kasuwa. Wasu ’ya’yansu muka ba. Kowa kuma sai Haliru ya gaya masa gaskiya: wannan abu yanzu yana da tsada, idan za ka sayar kada ka goge shi, kada ka yarda da tayin farko. Cikin wata biyar sha shida suka koma gida.

Saura ɗaya, kuma shi ne ba suna. Mai shi ya kawo shi shekara talatin da uku da suka wuce, yana sauri motar cin rani za ta tashi. Haliru bai kai ga tambayar sunansa ba. Abu biyu kawai ya riƙe: mutumin ya ce daga Horo Birni yake, kuma da ya taka motar ya waiwayo ya ɗaga murya, “Malam, ka bar shi gaba da minti biyar, haka nika son shi!” Tun ranar, duk lokacin da Haliru ya wanke agogon ya sa masa mai, sai ya mayar da shi gaba da minti biyar. Na sha yi masa tsiya a kan haka.

Muka isa Horo Birni bayan an sare gero. Muka sami dattawa a gindin bishiya, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya. Haliru ya ce, “Ranku shi daɗe, mutum nika nema, ban san sunanai ba. Ko an taɓa yin wani a garin ga da agogonai ke gaba da na kowa?”

Wani tsoho mai sanda ya fashe da dariya har da tari. “Mainasara! Allah shi jiƙan Mainasara. Shi da ke riga ladan zuwa masallaci, ya tsaya yana mai hwaɗa wai ya makara!”

Suka ce a tafiyar nan ce motarsu ta yi hatsari a hanyar kudu, can aka binne shi. Matarsa Nana Fatima tana nan, ta manyanta, tana gidan ɗanta.

Aka yi mana sallama da ita, ta fito zaure ta zauna daga gefe. Haliru ya kwance ƙyallen, ya miƙa. Ba ta karɓa nan take ba. Ta ce, “Malam, wanga ai da shi ya tahi.”

“A’a, baiwar Allah. Wurina ya bar shi. Ni na yi jinkiri, ki yahe mini.”

Ta ɗauka da hannu biyu, ta kai kunne. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, “Shina tafiya.” Ɗanta, magidanci mai furfura a gemu, ya duba wayarsa ya ce, “Inna, ya yi gaba da minti biyar, bari a daidaita.” Ta janye hannunta kamar zai ƙwace. “Kul! Haka ubanka ke barin shi.”

Haliru ya gaya mata zancen tsadarsa, kamar yadda ya gaya wa kowa. Ta ce, “Kayansa duka sun ƙare, riga ta cinye, garma ta yi tsatsa. Wanga kaɗai ya rage mai motsi. Nuna mini yadda ake wana shi.” Ya nuna mata da yatsunsa, ba tare da ya duba ba, don a lokacin ko ya duba ba gani zai yi sosai ba.

Kai ne, Haliru. Mai rufe ido ɗaya don ya ga gaskiyar ƙarfe. Ba ka da lambar yabo, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba. Amma ka tashi kowace safiya shekara talatin da uku kana cika alkawarin mutumin da ko sunansa ba ka sani ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa hasken da ya ragu a idonka ya ƙaru a makwancinka bayan tsawon rai.

Ku kuma masu sana’a, tela da makaniki da mai gyaran waya, ku duba ƙarƙashin teburinku. Idan akwai kayan wani, ku tashi ku kai tun ƙafa da ido suna aiki. Kada ku jira abin da Haliru ya jira.

Ya rufe rumfar a watan jiya. Ɗiyarsa ta gaya mini da safe takan ga yatsunsa biyu suna murzawa a kan gwiwa, ba komai a tsakaninsu. Saboda haka yanzu kullum da hantsi nakan je ƙofar gidansa in kwance nawa, wanda na saya shekarar da aka haifi ɗana na fari, in miƙa masa. Na iya wana abina. Amma sai ya wana, ya kai kunne, ya shafe gilashin da gefen riga, sannan mu gaisa.