Rediyon Baffa a Kan Tsani

Jiya ina kakkaɓe kantar ajiye kaya na ci karo da tsohuwar rediyon Baffa, ƙanen mahaifina, wadda ya ɗaure murfin batirinta da roba. Na daɗe zaune da ita a cinya.

Baffa magini ne, ni kuma ungozoma. Shi ya taso daga Gwandu ya gina mini bangon da ya raba ɗakin duba mata da ɗakin jira a Kalgo. Ranar da ya gama, wurin yana ta warin ɗanyen siminti, na kunna rediyon don gwada bangon, na ajiye ta a tsakiyar ɗakin dubawa, na zagaya ɗakin jira na saurara. Ban ji komai ba.

"Baffa, aiki ya yi," na ce.

"Tsaya nan, ɗiyata. Ba a yarda da bango daga wuri ɗaya."

Ya mai da ita kusurwa, sai na fara jin gunaguni. Ya hau tsani da ita, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗaga ta kusa da silin. Nan na ji labarai tar, kalma bayan kalma. Ashe bangon bai kai kwanon rufi ba, murya ta sama take tsallakawa.

Da na gaya masa, sai ya ce, "Da mace ce ke magana fa?" Washegari ya ɓalle silin, ya ɗora bulo har rufi.

Bayan bangon nan mata sun gaya mini abin da iyayensu ma ba su sani ba, kuma babu kalmar da ta fita. Allah Ya rufa maka asiri, Baffa, yadda ka rufa na matan da ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba.