Kaka Mai Tsaron Ƙofar Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya, kafin shida na safe Cuthbert Alleyne ya riga ya zauna bakin ƙofar ƙarfen nan, da agogonsa da butar shayinsa. Ta nan mazajenmu ke shiga ramin da suke haƙawa a ƙarƙashin kogi, nan New York. A ciki ana matse iska don kada ruwa ya ɓalle musu. Cuthbert ke ƙara ta, shi ke rage ta a hankali in za su fito. In aka yi gaggawar rage ta, ciwo ya kama gaɓoɓi, wani har laka.

Amma fa yana da wata ɗabi'a da ta jawo masa baƙin jini. Duk wanda ya yi mako biyu bai shiga ba, ko ya tsufa a rami, rabin yinin aiki, awa uku, zai ba shi kamar sabon shiga.

"Jiki yana sabawa da matsi," yakan ce, "sai dai mantuwa gare shi."

Suka sa masa suna Kaka. Mu matansu ma mun taya su, Allah ya yafe mana.

Mijina, Fintan Rourke, ya yi wata guda a Ireland wajen jana'izar mahaifiyarsa, ya dawo.

"Kaka, buɗe mana," in ji shi. "Ina ramin nan tun kana tallar kifi a ƙasarku Barbados."

"Awa uku yau, ɗan'uwa," Cuthbert ya ce.

"To haɗo min da madara a bulunboti."

Aka kwashe da dariya. Fintan ya zagaya ta wata ƙofar da ba Cuthbert ke tsaro ba, ya yi yininsa cikakke. Da la'asar, a tashar bas, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Cuthbert, kai ne ka goyo shi ka mayar da shi cikin matsi, don shi ne maganin ciwon, ka zauna awa tara kana rage iskar kaɗan-kaɗan. Ƙafa ɗaya ta dawo. Ba ka taɓa cewa "ai na faɗa" ba. Waɗanda ka hana kuwa, suna nan suna yawo da ƙafafunsu, ba su ma san an cece su ba, balle su gode.

Ranar Juma'a ka yi ritaya. Fintan ya dogara sandarsa ya zo, ya daɗe tsaye gabanka.

"Awa uku ka ce, ko?"

"Uku," ka ce, ka jawo masa kujera.

Mun gode, Kaka, ko da mun makara. Ku kuma masu gadon ƙofar, in an yi muku dariya ku jure, kada ku buɗe.