Kafar Iska a Bukkar Reno

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, muna zaune a Kurmin Kogi, gidanmu na bakin fadama. Baba ɗan lambu ne. In ɗari ya kankama, irin tattasai da tumatirin da yake reno kafin dashe sai ya tsaya cik, ganyen ya nannaɗe. Don haka yakan kewaye fangalin da zana, ya rufe da ciyawa ya zama bukka, ya sa kaskon garwashi a ciki, shi ma ya kwana nan yana kula da wutar. Abincinmu na rani kaf yana cikin bukkar nan.

Kakarmu Iya, wadda ta haifi Baba, ita ke tara mu a bakin murhu bayan an ci tuwo. Mace ce mai tsokana, ni har angonta take ce mini, wai ƙazamin ango mai majina. Amma duk yammar da Baba ya ɗauki kasko, sai fara'arta ta ɗauke. Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne.

"Kai wannan, ka bar kafa ta sama. Ka ji ko?"

"Na ji, Iya."

"Jiya ma ka ce ka ji."

Daga nan sai ta juyo kanmu, ta ce ga wata nan tafe, mu buɗe kunne. Tatsuniyar kuwa kullum ita ce dai, har mun gaji da ita.

Wai wani manomi ne Ɗari ya yi rantsuwa sai ya kashe masa iri. Manomi ya yi bukka, ya kira Wuta ta taya shi gadi. Wuta ta ce, "Zan taya ka, amma ni ma numfashi nake. In ka hana ni iska, taka zan sha." Ɗari ya dinga leƙowa ta kowace kafa, manomi yana bi da laka da tsumma yana toshewa, har saura ɗaya a sama. Ya kwanta. Sai aka toshe ita ma. Da gari ya waye iri ya yi kore shar, manomi kuwa aka yi ta tashinsa bai tashi ba.

Wata rana na ce, "Iya, ai ya kwanta. To wa ya toshe ta ƙarshen?"

Ta daɗe tana tona toka da kara. "Tashi ka kwanta, sarkin surutu," in ji ta. Na ji haushi ƙwarai.

Sai bayan rasuwarta, ina da iyali, Baba ya gaya mini. Manomin nan mahaifinsa ne. Iya ce ta kai masa kunu, ta ji iska na busawa ta kafar, ta tausaya masa, ta cire mayafinta ta cusa daga waje, ta koma gida tana rawar ɗari. Da safe ita ta fara shiga.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan wuta. Yanzu in na tuna tausayinta nake ji, tausayin da ban ji ba tana raye. Har yau ina reno da kasko, ina kuma barin kafa, ko da irin gefe zai mutu. Kuma tun ranar da Baba ya yi maganar nan na gane abin da ya sa, duk tsananin ɗari, ban taɓa ganin Iya da mayafi ba.