Zancen Gamba a Ƙofar Kotu

Ban taɓa taka ofishin lauya ba sai bayan rasuwar maigidana. Maƙwabcinmu na gona a Daudawa ya jira aka yi sadakar arba'in, sannan ya kai ƙara, wai gonar duka ta ubanshi ce, aro aka ba mu. Ita ce masararmu, ita ce dawarmu, ba mu da wata. Ɗiyata ta ce, "Inna, ya ɗauko lauya, mu ma sai mu nemo."

Wanda muka samu a Funtua, na haifi wanda ya girme shi. Ya ce ɗiyata ta jira waje, ya tura ƙofa.

"Inna, duk abin da kika faɗa mani a ɗakin nan amana ne. Ko ɗiyarki ba za ta ji daga bakina ba. Amma ki faɗi duka, har wanda ba ki so."

Sai na faɗa. Gona tamu ce, gado ce. Amma shekarar da rafi ya cinye mana gefe, marigayi ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka, ya sake dasa ta taku biyar cikin ta maƙwabcin. A gabana aka yi. Ban da ni ba wanda ya sani.

Na ce, "To ka ce ma alƙali iyaka ba ta taɓa motsi ba."

"Ba zan ce ba."

"Kai ba nawa ba ne?"

"Naki ne. Ba zan tona ba, ba kuma zan yi ƙarya ba, ke ma ba zan bari ki rantse a kai ba. Shi ke neman gona, shi zai kawo shaida. Ke dai ki kama bakinki."

Na fito ina tambayar kaina. In alƙali ya ji mun ci taku biyar, wa zai yarda da mu a sauran?

Ranar zama muka isa Faskari da hantsi, alƙali bai fito ba. Maƙwabcin da ƙannenshi na kan tabarma gindin dalbejiya. Ina waigawa sai ga lauyana kan benci shi da lauyan mutumin, kwanon ɗanwake ɗaya a tsakaninsu, suna dariya har da tafawa.

Mu a wurinmu, in kana shari'a da mutum, ko garwashi ba a ɗebowa gidanshi. Ni da matarshi mun bar gaisawa a bakin rijiya. Naka da ya sa hannu a kwanonsu, ya bar ka ke nan. Na nufe su, ɗiyata ta riƙe mani mayafi, na fizge.

"Kai! Amanar ke nan?"

Lauyana ya miƙe da sauri. "Inna, zo mu koma gefe."

"Ba inda za ni. Ka gaya mashi zancen gambar ko ba ka gaya mashi ba? Taku biyar ɗin ne kuke ma dariya?"

Muryata ba ƙarama ba ce. Kowa ya waigo. Maƙwabcin ya taso daga tabarma yana cewa, "Wace gamba? Hajiya, wace gamba?"

Lauyana ya kai ni bayan kotu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Inna, tare muka yi karatu da lauyan nan. Mu ci tare, mu shiga ciki mu kara, haka aikin yake. Ban gaya mashi komi ba. Ke kika gaya mashi."

Na zauna kan dutse. "Yanzu mi za a yi?"

"Za su nemi a rantsar da ke. Shawarata mu riga su. Ki mayar da taku biyar, shi ya janye daga sauran. Amma gonarki ce, ba zan buɗe baki ba sai kin ce in buɗe."

"Zai yarda?"

"Ban sani ba."

Na ce ya je. Daga inda nake ina jiyo mutumin yana kiran marigayi ɓarawo, yana cewa duka ko ba komi. Har aka kira azahar ba su gama ba. Ashe ba shi da shaidar aron, tsohon da ya dogara da shi ya ƙi zuwa, lauyanshi kuma ya faɗa mashi gaskiya. Da ƙyar ya sauko.

Aka rubuta sulhu. Sai da furfura ta fito mani na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka na ce a ba ni takardar da Hausa. Na bi ta da yatsa layi-layi, kowa na tsaye yana tsaki. Taku biyar ne, ba su ƙara ba. Na sa hannu.

A motar komawa, da muka hango gari, ɗiyata ta dube ni.

"Inna, da gaske Baba ya yi?"

Na ce, "Ya yi."

Ta juya fuska wajen taga. Gona ta tsaya mana, amma kafin magariba ba gidan da maganar ba ta shiga ba.