Yohanna Direba da Akwatin da Aka Sace a Wajen Zaman Makoki

Shekara tara ke nan da rasuwar Yohanna direba. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifinsu ba ne, don bai taɓa riƙe wani muƙami ba. Maƙwabcina ne a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofar ɗakinsa na kallon tawa. Shi mutumin Kudancin Kaduna ne, Kirista. Ni mai walda ne, rumfata tana Tarauni. Rijiya ɗaya muke ja, matanmu su yi cacar baki a kan igiyar shanya da safe, kafin la'asar ka gan su suna yi wa juna kitso.

Motar wani kamfani mai duba walda yake tuƙawa. Idan an haɗa manyan bututun mai ko na gas, ba a yarda da ido, sai an ɗauki hoton cikin waldar kamar yadda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi. Abin ɗaukar hoton wani akwatin ƙarfe ne ruwan ɗorawa, bai kai ƙaramin janareto girma ba, amma sai ka yi nishi kafin ka ɗaga shi. A jikinsa akwai alama kamar fanka mai fiffike uku. Duk nauyin nan kariya ce. Ainihin abin yana can ciki, ɗan guntun ƙarfe kamar wayar birkin babur, mai fitar da wani haske da ido ba ya gani. Ba zafi, ba wari, ba ƙara. Ka riƙe shi yau, ka ci tuwonka lafiya ƙalau, bayan kwanaki hannunka ya fara ruɓewa. Yohanna ne ya faɗa mini haka. An nuna musu hotunan irin waɗannan hannuwa a wajen aiki, kuma an kafa musu doka: in akwatin yana mota, daga wajen aiki sai ma'ajiyar kamfani, ba tsayawa ko'ina.

Ranar sadakar ukun mahaifiyata ya karya dokar. Yana daji wajen aiki lokacin da ta rasu, bai sami jana'iza ba. Shi kuwa ke kai ta asibiti in ƙafarta ta tashi, ita kuma ba ta dama fura ta manta da ƙwaryarsa. Ma'aikacin da ya kamata ya raka shi har ma'ajiya ya sauka a Unguwa Uku, wai zai leƙa gida. Hanya ta biyo da Yohanna ta bakin layin gidanmu na gado a Tarauni, ya hango tabarmi shimfiɗe. Ya ajiye motar a bakin layi, ya tako.

Kowa ya san ba a gaisuwar mutuwa a tsaye. Ya cire takalmi ya zauna, ya yi mini gaisuwa, aka yi addu'a. Ya yunƙura zai tashi, sai ga wata tawaga ta iso, liman ya sake ɗaga hannu, ya koma ya zauna. Aka miƙo masa gumbar sadaka, ya karɓa don kar a ce ya ƙi. Da ya koma wajen motar, an yanke kwaɗon bayan, akwatin babu.

Ba zan yi masa kwaskwarima don ya mutu ba. Laifi ya yi, shi ma bai taɓa musu ba. Amma ina so wanda ya tashi a ƙasar nan ya faɗa mini yadda zai wuce tabarmar makokin matar da ta ɗauke shi ɗa, ya ce aiki ne ya hana shi.

'Yan sanda suka tsare shi kwanaki, kamfani da hukuma suka shiga nasu neman. Ranar da aka ba da belinsa ko wanka bai yi ba ya zo rumfata. Ya ce, "Habu, ni ba aikin nake ji ba, aiki ya riga ya tafi. Wanda ya ɗauki abin nan nauyinsa ya gani, wajen masu awon ƙarfe zai kai. Su kuwa ka san su, duk abin da ke kulle guduma suke sa masa."

Sai muka yi abin da kowa ke yi in ya yi ɓatan kaya, muka shiga cigiya. Yohanna, da ko alwala bai iya ba, ya dinga tsayawa a ƙofar masallatai yana roƙon ladanai su sanar bayan salla. Muka kai gidan rediyo. Muka bi wuraren 'yan gwangwani ɗaya bayan ɗaya, daga Tarauni zuwa Unguwa Uku har Hotoro, yana zana musu alamar fankar a ƙasa da tsinke, yana rantsuwa cewa abin da ke ciki kisa yake yi.

A nan muka yi kuskuren da ban gane ba sai daga baya. A lokacin maganar jar zaiba ta cika gari, wadda ake cewa tana ɓoye a cikin tsofaffin kekunan ɗinki da dutsen guga, wai ɗan ɗigonta ya isa mutum ya yi arziki. Ban taɓa ganin wanda ya gan ta ba, amma kowa ya san wanda ya san wani. To ga kamfani ya rikice, ga 'yan sanda, ga cigiya a rediyo. Wani mai awo ya ce mana a fuska, "Malam, in da kisa yake yi, ai murna za ku yi da kuka rabu da shi. Faɗi gaskiya, zaiba ce a ciki." Duk rantsuwar da Yohanna ya ƙara, tabbacinsu ƙaruwa yake yi. Cigiyarmu ce ta sa wanda ke riƙe da akwatin ya ɓoye shi, ita ce kuma ta sa ya ƙudurta sai ya ga cikinsa.

Sana'ata ce ta kai mu gare shi. Wani abokin aikina ya ce mini Alhaji Ado, mai sayen ƙarafa a Hotoro, yana neman aron injin yankan ƙarfe, kuma ya ƙi faɗin abin da zai yanka. Da hantsi muka isa. Mun makara. Sun fasa makullin, sun zaro ɗan guntun wayar, ga shi a kan benci, mutane sun kewaye shi suna leƙe.

Yohanna ya buga wa ma'aikatan kamfani waya. Suka ce a janye kowa nesa, kada a taɓa, ga su nan tafe da kayan aiki. Ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, ba wanda ya motsa. Alhaji Ado ya ce, "Kai ɗan Kaduna, daina mana wa'azi. Mu matsa ka kwashe, ko? Na saya da haƙƙina." Ya miƙa hannu zai jefa abin a aljihun gaban rigarsa.

Yohanna ya doke hannun. Ya fizge filayar da ke aljihuna, ya kama wayar zai mayar da ita ramin akwatin, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Na ga ya dube ta. Ya san abin da yake yi, wallahi ya sani. Ya sunkuya ya ɗauke ta da yatsunsa, ya yi ta lalubar ramin da ya lanƙwashe saboda duka, har ta shige. Ladan da ya samu nan take shi ne mari daga wani ɗan'uwan Alhajin.

Da ma'aikatan suka iso suka killace wurin, duk wanda ya tsaya a nan aka kai shi gwajin jini, har da ni. Alhaji Ado, da ya riga ya ɗan jujjuya abin kafin zuwanmu, babban yatsansa ya yi bororo, ya warke. Likita ya gaya masa da ya sa shi a aljihu ya wuni da shi, da wata maganar ake yi. Hannun Yohanna kuwa bai nuna komai ba sai bayan kwanaki. Ya kumbura, ya yi baƙi, ya ƙi jin magani. Aka yanke yatsu uku. Tuƙi ya ƙare, ya koma gadi a wata makaranta. Bai cika shekara uku ba ciwon daji na jini ya kama shi. Wani likita ya ce mai yiwuwa daga nan ne, wani ya ce ba za a iya tabbatarwa ba. Ni ban sani ba. Na dai raka gawarsa har ƙauyensu, na zauna a bencin coci karo na farko a rayuwata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ana ta shimfiɗa bututu, motoci masu alamar fankar nan sun ƙara yawa a hanya. An ce yanzu ana sa wa wasu na'urar da ke nuna inda suke, an ƙara kwaɗo, an ƙara doka. Madalla. Amma da idona na ga ɗaya a ajiye a gaban mai abinci, ba kowa a ciki, direba yana can yana wanke hannu. 'Yan jari bola kuma sun ninka, yunwa ta sa ba abin da ba a cirewa, har murfin kwata. Ina jin Yohanna ba zai zagi kowa ba, ba halinsa ba ne. Zai je ya tsaya kusa da motar ne har mai ita ya fito, sannan ya nuna masa hannunsa.

Kwanakin baya wani mai tura kura, dattijo, baƙo daga ƙauye, ya zo rumfata sayen ragowar ƙarafa. Na turo masa wata tsohuwar na'urar cajin batir, ruwan ɗorawa, mai nauyi. Ya ja da baya, ya ce, "Malam, ba dai kayan Yohanna ba ne?" Na ce wane Yohanna? Ya ce, "Oho. Haka dai ake cewa a wajen awo. In abu ya cika nauyi, yana kulle, ba a san cikinsa ba, ba a saya, ba a fasawa. Mai unguwa ake kira."

Yohanna bai bar fili ba, bai bar gida ba, matarsa ta kwashe yara ta koma wajen danginta. Ɗakinsa ma wani mai adaidaita sahu ne a ciki yanzu. Addininsa daban, nawa daban, hukuncinsa yana wajen Wanda ya halicce mu duka. Abin da na san ya rage shi ne wannan: a wuraren awon da aka yi masa dariya, akwai mutanen da ba su san ko shi wane ne ba, kuma sunansa ne ke sa su ajiye guduma.