Elisha da Kwandon Goro a Kasuwar Tsafe

In ka taɓa ganin wani dattijo a Gusau yana fama da haura katangar gidansa alhali ƙofa a buɗe take, to ka ga Malam Elisha. Lafiyarsa lau, littafi yake rubutawa.

A Bungudu aka haife shi, inda aikin koyarwa ya kawo mahaifinsa daga kudancin Kaduna. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya duƙufa rubuta labaran kisan kai da leƙen asiri na zamanin da ake shimfiɗa layin dogo. Jaruminsa ɗaya ne, Arzika, mai tallan goro a fili, ɗan leƙen asiri a ɓoye. Dokarsa ma ɗaya ce: ba ya sa Arzika abin da shi bai gwada da jikinsa ba. Matarsa Marta ta gaji da gasa masa ƙafa.

A littafi na uku, ana son Arzika ya shiga kasuwar da ba wanda ya san shi, ba mai masauki, ya gano hanyar da fatake za su bi da shanu, ya sulale. Anya zai yiwu? Abin ya hana Elisha sukuni. Ran kasuwar Tsafe ya ari tsohuwar riga da malafa, ya ɗauki kwandon goro, ya hau bas.

Kai tsaye ya nufi wajen shanu, yana talla yana jefa tambaya. Ta ina za ku koma? Yaushe za ku tashi? Hankalinsa na can zamanin Turawa, ya manta cewa yau baƙon da ke tambayar hanyar shanu sunansa ɗaya, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ɗagowar da zai yi, sai ya ga 'yan sa-kai sun kewaye shi, kowa da gora.

"Baba, wa ya aiko ka?" in ji babbansu, wani dogo mai suna Umar.

"Littafi nake rubutawa."

"Da goro?"

Aka yi dariya, amma ba wanda ya sauke gora.

Sai ga wata mai tallan nono ta kutso da ƙwarya a ka. Sunanta Safiya, daga rugar da ke bayan Kucheri, wadda kan kai nono Gusau. Ta leƙa ƙarƙashin malafar, ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Wanga ai mijin Marta na! Baba, talauci ne ko hauka? Ku sake shi, na san gidansu. Matar nan sai ta ɗanɗana rabin nonona kafin ta taya."

Gorori suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ya kama hanya, Elisha ya gyara tsayuwa.

"Malam Umar, don Allah, yaushe kuka gane ni?"

"Tun saukarka. Ba ka gaida kowa ba, ba ka sauka wurin kowa ba. Baƙon kirki yana da mai shi."

Elisha ya raba musu goron, ya koma gida ya soke babin kasuwar. A sabon da ya rubuta, tun kafin azahar aka damƙe Arzika. Har yanzu yana can tsakiyar kasuwa a kewaye, Elisha na ta neman wanda zai tsaya masa, don shi Arzika bai auri mace mai tsiyar ciniki ba.