Famfon da Ammi Za Ta Iya Buɗewa

A gidanmu na Limanti wuta biyu ake hurawa. Akwai ta girki, wadda Ammi, mahaifiyarmu, take kashewa da zarar an sauke tuwo. Akwai kuma ta Kaka, wadda take hurawa a ƙofar ɗakinta bayan magariba don ta dafa madararta. Kaka ita ta haifi babanmu. A bayan shanu ta girma, cikin Larabawan Shuwa masu bin ciyawa da ruwa, kuma sai da ƙarfinta ya fara ja baya babanmu, wanda ya riga ya zama dillalin shanu a gari, ya ɗauko ta daga wajejen Khaddamari ya kawo ta gida. Har ta rasu ba ta saba da gari ba. Hausarta a karye take, tana cakuɗa ta da Larabci da ɗan Kanuri, amma mu jikokinta babu kalmarta da take wuce mu.

Mukan zauna a tabarma gefen murhun, ni da yayana Jidda da 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku. Ammi takan zauna can nesa kaɗan tana tsince wake, kamar ba ta saurare. Idan madara ta fara tasowa Kaka takan janye itace ɗaya, ta gyara mayafinta, ta ce, “To, ga wata ta iso bakin ƙofa.” Mu kuma mu ce a buɗe mata ta shigo.

Famfo ɗaya ne a gidan a wancan lokaci, na tagulla, a gindin darbejiya. Ruwa ba kullum yake zuwa ba, kuma Kaka, wadda ta san tafiyar wuni guda neman mashaya, ba ta iya jure jin ɗigarsa. Tana tsakiyar labari sai ta yi shiru, ta karkata kunne, ta tambaya wa ya bar ruwa yana kuka. Dole wani ya tashi ya je ya murɗe shi, in ba haka ba labari ya tsaya ke nan. Wata rana aka tashi Jidda har sau uku, ya fusata, ya sa ƙarfinsa duka ya ɗaure kan famfon tamau. Da asuba Kaka ta fito alwala ta kasa buɗewa. Ba ta tashi kowa ba. Ta yi amfani da ɗan ruwan da ya kwana a butarta, kuma wunin ranar ba ta ce wa Jidda komai ba. Da magariba ta yi, ta ba mu labarin Hammad.

Hammad, in ji ta, makiyayi ne da ba shi da kowa sai tsohuwar uwarsa, wadda idonta ya mutu. Yana son ta so mai tsanani, ba ya cin abinci sai ta ci. Wata shekara rani ya yi tsawo, tafkuna suka ƙafe, ya zama dole ya kora shanunsa ya ratsa wani fako mai nisa zuwa inda aka ce akwai ruwa. Kafin ya tashi ya shiga kasuwa neman salka, wato jakar fata ta zuba ruwa. Baduku na farko ya nuna masa wata ja mai ado da tuntaye. Hammad ya ɗaga ta ya ji ba nauyi, ya duba ɗinkin ya ga layi ɗaya ne, ya ajiye. Mu yara a nan muka fara murna, don mun ɗauka mun gane inda labarin ya dosa: mai hankali ya ƙi kyakkyawa, ya ɗauki mummuna mai ƙarko.

Haka kuwa aka yi. Ya sami wata baƙa mai kauri, tana warin bagaruwa, ɗinkinta biyu, bakinta da igiyar fata mai tauri. Badukun ya ce masa ko raƙumi ya taka ta ba za ta zubar da ɗigo ba. Hammad ya cika ta, ya ɗaure bakin da ƙarfinsa na saurayi, ya ɗora uwarsa a kan takarkari suka kama hanya.

A tsakiyar fakon shanu suka ji ƙamshin ruwa daga wani gefe, suka watse da gudu. Hammad ya sauke tsohuwar a inuwar wata aduwa, ya ɗora mata salkar a cinya, ya ce ga ruwa nan wanda zai ishe ta kwana biyu, yanzu zai dawo. Ya bi shanu. Bai samu ya tattaro su ba sai da rana ta faɗi ta sake fitowa ta yi tsaka.

A nan Kaka ta tsaya ta juya madararta.

“Ya dawo ya same ta a zaune yadda ya bar ta,” ta ce. “Salka a cike, ko ɗigo bai fita ba. Igiyar duk sawun haƙori. Ita kuwa Allah Ya karɓi abinsa.”

Ɗiyar maƙwabta ta fashe da kuka. Jidda ya tambaya, murya ƙasa ƙasa, ko salkar ce ba ta da kyau. Kaka ta ce salkar ba ta da laifi, ta yi aikin da aka saye ta dominsa, ta riƙe ruwa. Ta ce Hammad ya tambayi baduku komai, kaurin fata da ɗinki da shekarun da za ta yi, abu ɗaya ne bai tambaya ba. Ba ta faɗi abin ba. Ta tura toka kan garwashi ta ce labari ya koma inda ya fito, mu tashi an kusa kiran isha.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin faɗan da aka yi wa Jidda a fakaice. Shi ma haka ya ɗauka, don daga ranar bai ƙara matse famfon nan ba. Kaka ta rasu ina makarantar sakandare, babanmu ya bi ta bayan wasu shekaru, na yi aure a cikin gari na kama aikin koyarwa, Jidda ya gaji sana'ar shanu. Labarin ya kwanta a wani wuri cikin kaina, ban sake taɓa shi ba.

Sai ga shi Ammi ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ta tashi, alhamdu lillahi, tana tafiya da sanda, maganarta ta dawo, amma hannun dama ya tafi, na hagun kuma yatsunsa ba sa damƙa sosai. Da aka sallame ta daga asibiti ta ƙi zama gidana, ta ce ɗakinta take so. Muka sa mata yarinya mai taimako, ni kuma ina biyowa kullum in na tashi daga makaranta.

Wata rana na iso ana gab da la'asar, yarinyar ta tafi cefane. Na yi sallama shiru. Na tarar da Ammi a banɗaki, zaune kan 'yar kujera gaban famfo, hannun rigarta a naɗe. Famfon irin na murɗawa ne, babanmu ya sa shi lokacin da aka ja ruwa zuwa cikin ɗakuna, kuma tun daga nan bai taɓa lalacewa ba. Tafin hannunta ya yi ja saboda gwadawa. Tun azahar take wurin. Na tambaye ta me ya hana ta kiran maƙwabta, ga taga nan a buɗe. Ta ɗauke kai ta ce, “Zara, in kira mutane su zo su buɗe mini ruwan tsarki? Har na kai nan?”

Na buɗe mata, na fita na ja ƙofa. A tsakar gida na tsaya, sai na ga tsohuwar nan ta gindin aduwa kamar a gabana take. A ranar na san tambayar da Hammad bai yi ba.

Da na gaya wa Jidda za a canza famfunan ɓangaren Ammi, na banɗaki da na kicin, bai so ba da farko. Ba rowa ce ta hana shi ba. Ya ce irin na zamani masu hannu ɗaya da ake ɗagawa ya sa su a gidansa, ba su rufa shekara ba suka fara yoyo, sheƙinsu ya ɓare, ɗaya ma ya karye a hannun matarsa ruwa ya cika ɗaki. Ya ce ruwan burtsatsen garin nan da yashinsa da gishirinsa ba ya barin abu mai rauni, kuma in famfo ya ɓalle Ammi tana ita kaɗai, a jiƙaƙƙen daɓe, me zai faru? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi masa musu ba. Na ce masa to mu nemo wanda yake da ƙarkon na Baba, amma wanda hannunta zai iya. Sai ya ce ranar Asabar in shirya.

Muka shiga shagunan kayan famfo na wajen Kasuwar Kwastam. Jidda yana duba abin da ya sani, ni ina duba nawa. Shi yakan ɗauki famfo ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya leƙa cikin gindinsa. In ya ga ciki fari fat kuma ba nauyi, ya san ƙarfen banza ne aka shafa wa sheƙi, ya ajiye. In ya ga ruwan ɗorawa na tagulla, da kauri a wurin da ake ɗaura shi da bututu, ya miƙo mini. Ni kuma sai in sa hannun dama a bayana, in dunƙule na hagu, in gwada buɗewa da bayan hannu kawai. Da yawa masu kyau sun faɗi a nan. Wani hannunsa gajere ne, wani sai an matsa da ƙarfi, wani kuma santsi gare shi, in da sabulu a hannu ba zai kamu ba.

Wani mai shago, dattijo da ake kira Ba Modu, ya daɗe yana kallona kafin ya tambaya ko mara lafiya gare mu a gida. Da na ce mahaifiyarmu ce, ya yi mata addu'a, ya ce tasa ma haka ta yi fama kafin ta rasu. Ya shiga ciki ya fito da wani mai dogon hannu, ya kwance shi a gabanmu. Ya nuna mana abin da ke tsayar da ruwan a ciki, ya ce na tangaran ne, ba roba ba ce da ke cinyewa ta sa a riƙa ƙara matsewa. Bai ɓoye mana ba cewa yashi ne abokin gabarsa, don haka sai mun sa matata a bututun da ya sauko daga tanki, mu riƙa wanke ta. Jidda ya tambaya ko ana samun na cikin shi kaɗai in ya lalace. Ba Modu ya buɗe wani kwali ya nuna masa, ya ce irin da ba a samun kayan gyaransa a garin nan, komai kyansa, kada mu kai shi gida.

Na kicin muka ɗauki mai dogon wuya da ke juyawa, yadda Ammi za ta ajiye butar shayinta a ƙasansa ta cika ba sai ta riƙe ba. Na roƙi Ba Modu ya bar mu mu je da su ta gwada kafin a ɗaura, in ba su yi ba mu dawo da su. Ya ce mu je.

Ammi tana kan darduma muka shiga. Jidda ya durƙusa ya riƙe mata famfon da hannu biyu, ta sa gefen hannunta ta tura, ya tafi. Ta dawo da shi, ta sake turawa. Ta yi haka sau da yawa. Can ta ce a gaya wa mai ɗaurawa ya sauko da shi ƙasa, daidai inda take zama, kada ya sa shi inda mai tsayuwa zai ji daɗi. Wannan ko ni ban yi tunaninsa ba.

Yanzu da na fara manyanta nakan yi tunanin Hammad fiye da yadda nake tunanin uwarsa. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Ya zaɓi abu mafi inganci a kasuwa saboda yana son ta, ya ɗaure shi da kyau saboda yana tsoron kada ta rasa ruwa. Da ƙarfinsa ya auna komai, don shi ne ma'aunin da yake da shi. Mu ma haka muke yi wa iyayenmu. Mu gina musu matakala mai tsawo, mu sa ƙofar ƙarfe mai nauyi, mu saya musu waya mai wuyar sha'ani, mu koma gida muna jin mun sauke nauyi. Su kuma kunya ba ta barin su su ce abin ya fi ƙarfinsu.

Ranar da aka gama ɗaurawa na tsaya har magariba. Da aka kira salla na miƙe zan raka ta kamar yadda na saba, ta ɗaga mini sanda ta ce in zauna. Ta shiga ita kaɗai ta turo ƙofa. Na zauna a bakin baranda ina saurare. Na ji ruwa ya zubo, ya ɗan jima, ya tsaya. Ya sake zubowa, ya sake tsayawa. Da ta fito fuskarta a jiƙe, ba ta dube ni ba, ta wuce wurin dardumarta. Sai da ta daidaita tsayuwarta ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, gobe ba sai na yi saurin barin 'yan makaranta saboda ita ba, in koyar da su har a tashi.